Gidan Tatang da Ba a Ɗauka Ba

Manila, farkon Disamba, 1901

Zuwa ga yayata, Ate Macaria,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Tatang. Yaya ƙafafun mahaifin namu? Har yanzu ba ya iya tashi daga tabarma? Na ba Aling Sela mai busasshen kifi kwalbar man zafi ta kawo muku. Ki riƙa shafa masa, kada ki saurari mitarsa. Ni lafiyata ƙalau, sai kafaɗa da ta yi kanta saboda dako.

Labari ya iso tashar jiragen ruwa cewa Amurkawa sun ba da oda a lardinmu na Batangas: kowa ya bar ƙauye ya shiga gari kafin Kirsimeti, abin da aka bari a waje kuma wuta. Ate, na san halinki. Don Allah ki danne zuciya ki bi. Ba ki ga abin da nake gani ba. Kullum kwale-kwalenmu na gindin jiragensu, muna sauke alfadarai da harsashi da naman gwangwani, har da ƙanƙara. Ƙanƙara fa, Ate, a wannan zafin! Wani kukunsu ya ce mini ƙasarsu yarinya ce, kakan kakansa ma yana cikin waɗanda suka kori Ingilishi. Amma ga shi cikin 'yan shekaru sun haɗiye tsibiri bayan tsibiri, suka zo suka saye mu a hannun Sipaniya. Na ce masa mu ai ba a tambaye mu ba. Ya tuntsire da dariya ya miƙo mini tuffa.

Ki je wurin Ninong Venancio. Shi ne mai unguwa, kuma shi ya riƙe mu a coci ranar baftismarmu, ni da ke. Ya busa ƙaho, maza su taru su zura gora ƙarƙashin gida, su ɗauke shi da Tatang a ciki har cikin gari. Tun kafin a haife ni Tatang ke riƙe kusurwar gaba ta dama a duk gidan da aka ɗauka a ƙauyenmu Pulong-Anahaw. Wa zai hana shi kafaɗa yau? Ke dai ki tanadi wainar shinkafa da kofi don masu ɗauka.

Ki ɗora hannun Tatang a goshinki, ki gaishe shi a madadina.

Ƙaninki,
Ensyo

*

Cikin shingen garin Santa Ines, Janairu, 1902

Ensyo,

Na gaishe ka. Ka tambayi lafiya. Ni ina numfashi. Man zafinka ya iso, kwalbar na nan a rufe, domin babu ƙafar da zan shafa wa. Tatang ya rasu. Nemi wuri ka zauna, zan gaya maka yadda aka yi, kuma ba zan sassauta maka komai ba.

Na bi shawararka. Na je wurin Ninong ɗinka, na kama hannunsa na ɗora a goshina kamar 'yar kirki. Ya ce, "Haba 'yata, gidan ɗan'uwana? Ranar ƙarshe taku ce, ki dafa waina." Na dafa. Baunarmu sojoji sun riga sun kwashe, ba ni da abin da zan jawo Tatang da shi, shi kuma ka san nauyinsa. Na jira har rana ta take, ban ji ƙaho ba. Tatang ya ce, "Je ki duba, ƙila sun tsaya shan giya." Na ajiye masa ruwa kusa da kai, na ruga gari.

Ka san abin da na tarar? Mazan unguwarmu ashirin suna ƙarƙashin rumbun shinkafar Venancio. Gidansa sun kawo tun jiya, ɗakin surukinsa da safe, yanzu rumbu. Rumbu, Ensyo! Na ce, "Ninong, Tatang fa?" Ya ce, "Yanzu-yanzu." Kafin su sauke rumbun, sojoji sun ja shinge sun tsaya da bindigogi. Mai shiga ya shiga, babu mai fita.

Na durƙusa a gaban mutumin nan cikin taɓo. Na ce ya gaya wa laftanan ɗin Amurkawa akwai tsoho gurgu a waje, a ba ni mutum biyu da tabarma kawai. Venancio yana jin Sipaniyanci, tafintan laftanan na tsaye kusa da shi. Ya sunkuyo ya raɗa mini, "Na riga na rantse wa laftanan cewa unguwata babu ko kaza a waje. So kike a ɗaure ni?" Na yi ihu da harshenmu, sojoji suka ture ni da gindin bindiga. Su dariya ma suke yi.

Washegari laftanan, wani dogo mai jan gemu da ɗan tabarau, ya fita da mutanensa da garwar kananzir. Daga bakin shinge na ga hayaƙin Pulong-Anahaw. Na san wanne ne namu, saboda bishiyar mangwaro. Ina gaya wa kaina cewa daga waje suka cinna, ba su san da mutum ba. Da wannan nake samun barci, in na samu.

Nan ciki muna cunkushe kamar kifin Aling Sela a kwando. Ƙyanda na kwasar yara, kullum ana binnewa bayan coci. Venancio kuwa yana sayar da shinkafar rumbun nan gwangwani-gwangwani, ya sa farar riga yana zirga-zirga bayan laftanan. Sipaniya tsohuwa ce, haƙoranta sun zube, ta ci mu a hankali. Wannan yarinyar taka mai ba da tuffa sabbin haƙora gare ta. Hannuna ba ya kaiwa gare ta. Amma yana kaiwa ga Venancio, kuma na rantse da tokar ubana sai ya ɗanɗana abin da Tatang ya ɗanɗana.

Ka aiko mini da igiya mai ƙarfi da dutsen wasa adda. Ina bin mazan unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, wasu sun fara ba ni alkawari. Kada ka tambaye ni. Aling Sela a bakin zanenta take ɗinke takardun nan, ba komai ake rubutawa ba.

Macaria

*

Manila, Fabrairu, 1902

Ate,

Ina gaishe ki da hawaye. Ina fata jikinki da ƙarfi. Takardarki ta iso. Ni na ce ki je wurinsa, ni na ce ki dafa waina. Na sa an yi wa Tatang addu'ar kwana tara a cocin unguwarmu, na ɗaura baƙin ƙyalle a hannu. Shugaban 'yan dako ya ce in cire, wai yana ɓata wa fasinja rai. Ban cire ba.

Amma Ate, igiya? Dutsen wasa? Maza suna ba ki alkawari? Na karanta wurin nan har takardar ta yi laushi. Kin san abin da suke yi wa wanda ya taɓa mai unguwarsu? A nan na ga an rataye mutum uku a fili, aka tilasta mana kallo. Ba za su duba cewa ke mace ce ba. Ni ma ina son ganin Venancio a ƙasa, Allah ya sani. Amma mahaifiyarmu Inang ta tafi, Tatang ya tafi, in aka rataye ki wa ya rage mini?

Ba zan aiko da igiya ba. Ki yi fushi, na yarda. Kuma zan yi duk abin da zan iya don in tsare ki, ko da ba ki so. Ki ba ni amsa da wannan zuwan na Aling Sela, ki ce mini kin fasa.

Ensyo

*

Manila, ƙarshen Maris, 1902

Ate Macaria,

Gaisuwa. Lafiya kuwa? Aling Sela ta zo sau biyu hannu wofi. Na farko ta ce ba ta gan ki ba. Na biyu ta ƙi haɗa ido da ni, ta ajiye mini kifi ta wuce, kamar na kashe mata ɗa. Me ya faru? Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko zagi ne. An ce amai da gudawa ya ɓulla nan Manila, ana ƙona unguwanni. Ni dai lafiya lau. In ba ki amsa ba zan bar aiki in taho, ko su harbe ni a hanya.

Ensyo

*

Santa Ines, Mayu, 1902

Ensyo,

Na gaishe ka, don Inang ta koya mini gaisuwa. Lafiyata? Haƙora biyu sun tafi, kunnen hagu ba ya ji sosai. Sauran jikin na nan.

Kana son layi ɗaya? Ga shi: rubutunka na gani a hannun tafinta. "Ninong, ka yi wa Allah ka lallashi Ate, tana tara maza, ta nemi igiya da dutsen wasa." Kai, Ensyo! Wawan ina ne kai? Ka rubuta wa mutumin da ya bar ubanka a wuta, wai ya lallashe ni? Ko kofi bai tsaya sha ba, ya kai wa mai jan gemu. Suka kulle ni a ɗakin ajiyar coci wata biyu, suna tambayata sunayen 'yan tawaye. Suka kama Mang Doroteo kafinta da ɗan'uwansa, saboda an gan ni a ƙofarsu, suka danne su suna ɗura musu ruwa har cikinsu ya kumbura. Ɗan'uwan bai tashi ba.

Igiyar ta ɗaure gora ce, sakarai. Dutsen kuma na wasa addar saran gora ne, don in kafa ɗan ɗakin da zan sa kaina. Ka ɗauka zan ɓata igiya a wuyan Venancio? Ya mutu cikin minti ɗaya ya huta? Tatang yini guda da kwana ya yi yana sauraron ƙaho. Alkawarin da na nema wurin maza guda ne: ranar da aka buɗe shinge, kowa zai ɗauki gidansa ya koma ƙauye, kada kafaɗa ɗaya ta shiga ƙarƙashin na Venancio. Da farko rabinsu sun noƙe, wai mai unguwa ne, wai ba a taɓa yi ba tun kakanni. Bayan abin da aka yi wa su Mang Doroteo, ban sake roƙon kowa ba. Su suka riƙa aiko mini da saƙo ta tagar ɗakin ajiya.

An sake ni ana saura kwana kaɗan a buɗe shinge, na ga komai da idona. Gida bayan gida ya tashi, ana waƙa, mata na bi da tukwane. Ranar Venancio ta zo. Ya gasa alade guda, ya jera tulunan giyar kwakwa, ya hau matakala ya busa ƙaho. Ba wanda ya motsa. Ya sake busawa har jijiyar wuyansa ta fito. Maza na zaune ƙarƙashin bishiya suna shafa zakarunsu na faɗa, mutanen da suka yi wata huɗu ba su ga nama ba. Ƙanshin aladen nan na dukan hanci, wallahi ko yaro bai matsa ba. Ya ce, "Doroteo, ba ka ji ƙaho ba ne?" Mang Doroteo ya ce, "Ruwa ya toshe mini kunne, mai unguwa."

Sai ya ruga wurin iyayen gidansa. Laftanan ya ba shi alfadarai huɗu da sarƙa. Su a tunaninsu gida ja ake yi. Gidan da babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, ɗauri ne kawai, wanda sai an ɗaga shi tare an taka tare! Suka ɗaura sarƙa a ƙafafun gidan na gaba, suka tsula wa dabbobi bulala. Ƙafafun suka tafi, gidan ya durƙusa, jinka ta rufto kan kwanukan matarsa da madubinta na Manila. Sojoji suka yi ta dariya har da riƙe ciki, suka kwance alfadaransu, suka ɗauke aladen suka tafi da shi.

Na yi dariya, Ensyo, da bakin nan mai giɓi. Ban ji kunya ba, kuma ban ƙoshi ba. Yanzu yana zaune a rabin ɗaki bayan coci, kusa da kaburburan yaran da ya sayar wa iyayensu shinkafa. Amurkawa sun naɗa wani mai unguwa, wanda ya iya 'yan kalmominsu. Ran Lahadi ya tare ni a ƙofar coci ya miƙo hannu, wai in ɗora a goshi. Na bar hannun a iska har ya gaji ya sauke.

An ce rundunar mai jan gemu za ta koma ƙasarsu ta tasharku. Ka ɗaukar masa kaya da kyau, ƙila ya ba ka tuffa. Kada ka zo nan. Ba ni da wurin da zan ajiye ka, a ɗaki ko a zuciya.

Macaria

*

Manila, Yuni, 1902

Ate,

Ina gaishe ki, ko ba ki amsa ba. Ya kunnen? Ni ina kwance a ɗakin wani abokina, haƙarƙari biyu sun tsage, amma ina warkewa. Ba zan ce ki yafe ba. Bakina bai isa ba. Labari kawai zan ba ki.

Tun da na karanta takardarki nake canjin aiki da abokai, don in kasance a duk kwale-kwalen da zai ɗauki sojojin Batangas. Ranar Talata laftanan ya zo. Jan gemu, ɗan tabarau, yana yin fito da baki. Na riga kowa kai hannu kan akwatinsa. A samansa an ɗaure tarkacen da yake kai wa gida don nunawa: malfa, kwari da baka, gunkin waliyyi mai karyayyen hannu. Da adda.

Ate, addar Tatang ce. Ƙotar ƙahon bauna, da tsaguwar da na yi mata ina yaro lokacin da na sari dutse, da jar igiyar da Inang ta naɗa a wurin. Kin san inda take rataye. Ba a waje ba, ba a bakin ƙofa ba. A bango, daidai saman kan tabarmarsa. Wanda ya ciro ta sai da ya tsallaka Tatang. Ya gan shi, Ate. Ya shiga, ya gan shi, ya ɗauki adda, ya fito ya sa wuta. Na san da tunanin cewa ba su sani ba kike samun barci, kuma ga shi na ƙwace miki. Amma na ɓoye miki abu sau ɗaya, kin ga abin da ya jawo.

Na zare ta a hankali na tura ƙarƙashin buhuna. Yana zaune gabana, ya ba ni baya, wuyansa ja kamar na zakara. Tun daga bakin kogi har gindin jirgi hannuna na kan ƙotar. Sojoji goma sha na kewaye da mu. Na tuna mutum ukun da aka rataye, na tuna abin da za su yi wa Santa Ines in suka ji daga ina nake. Hannuna ya ƙi. Ki kira ni matsoraci, na kira kaina kafin ke.

Na saɓa akwatin na hau tsanin jirgi a bayansa. Da na kai tsakiya, inda ruwa ya fi zurfi, na tsaya. Ya waiwayo ya daka mini tsawa. Na dube shi cikin ido, na janye kafaɗata. Duk abin da ya tara a ƙasarmu ya tafi ƙasan teku, da takardunsa da lambobinsa da hoton matarsa. Suka yi mini dukan kawo wuƙa, aka kore ni daga tasha. Shi kuwa ya shiga jirginsa da ransa da lafiyarsa, ya tafi. An ce wasu sabbin sojoji na hanya.

Addar na wurina, abokina ya fito mini da ita cikin buhu. In ba ki son ganina, zan ba Aling Sela ta kawo miki.

Ensyo

*

Santa Ines, Yuli, 1902

Ensyo,

Na gaishe ka. Ka ɗaure haƙarƙarin da ganyen ayaba mai ɗumi, kada ka yi tari da ƙarfi. Kunnena yana nan yadda yake.

Barcin ya tafi, kamar yadda ka ce. Na yi kwanaki ina tsine maka da ba ka sare wuyan nan ba. Da ni ce a kwale-kwalen, da an rataye ni tuni, kuma da na hau igiyar ina murna. Har yanzu in na rufe ido ina ganinsa yana tsallaka Tatang. Ina roƙon Allah ya ba shi tsawon rai da ƙafafun da ba sa motsi, a ɗakin da babu mai shigowa. Fada, limamin cocinmu, ya ce wannan ba addu'a ba ce. Na ce masa ita gare ni.

Ban yafe maka ba, kada ka ɗauka. Ɗan'uwan Mang Doroteo na cikin ƙasa, kuma kai za ka je da ƙafarka ka tsaya gaban matarsa. Amma kada ka ba Aling Sela addar. Kawo ta da hannunka.

Mang Doroteo ya ɗaura mini ɗan gida a nan bakin gari, inda gora ke da yawa. Ran Asabar ta ƙarshen wata za a ɗauke shi zuwa filinmu, gindin mangwaron da ya ƙone rabi, ya kuma fara toho. Maza sun cika, har sun yi yawa. Kusurwar gaba ta dama ce kawai kowa ya ƙi taɓawa, sun ce ta gidanmu ce. In kafaɗar taka ta iya sakin kaya, sai mu gani ko ta iya riƙewa.

Akwai gajeriyar hanya ta bakin rafi. Na ce ba ita za mu bi ba. Za mu zagaya ta bayan coci, ta ƙofar Venancio, a hankali, da waƙa. Kullum yana zaune a kan matakalar da ta rage masa, ƙahon na rataye a wuyansa. In mun zo daidai shi, kada ka sunkuyar da kai, kada ka gaishe shi. Ina so ya ɗaga ido ya ga wanda ke tsaye a gurbin Tatang.

Yayarka,
Macaria